Barewar Wyoming Ba Ingirici Take Nema Ba, A Bar Mata Mazauninta

Ran nan a majalisarmu wani ya miƙo wayarsa aka riƙa zagayawa da ita. Hotuna ne na mushen bareyi zube cikin dusar ƙanƙara a jihar Wyoming ta Amurka, daga hunturun da ya haɗa ƙarshen 2022 da farkon 2023. Wani dattijo cikinmu, wanda ya tashi a gidan kiwo, ya ce shi abin da ya kasa ganewa, yaya ƙasar da ke kai wa wasu ƙasashe agajin hatsi za ta kasa zuba wa dabbobin dajinta ingirici, sai dai ta riƙa ɗaura musu na'ura a wuya tana zana taswira. Aka yi dariya, aka shiga wata hirar.

Maganar ta tsaya mini a rai, domin tambaya ce mai hankali, amma amsarta ba inda Baba ya dosa take ba. Ni a ganina masu zana taswirar nan su ne suka kama bakin zaren. Barewa a ƙasar sanyi tana da ɗan wurin da take fakewa idan ƙanƙara ta rufe ko'ina, da kuma hanyar da take bi ta isa can. In aka san wurin, aka hana taɓa shi, garke zai farfaɗo ko da mugun hunturu ya yi masa ɓarna. In aka rasa shi, babu tirelar abincin da za ta maye gurbinsa. Laifin da nake gani a wajen hukumomin Amurka daban ne: sun iya zana taswira fiye da yadda suka iya yi mata biyayya.

Yadda barewar ke cin hunturu

Barewar da ake magana ita ce mai manyan kunnuwa irin na alfadari, wadda ake samu a yammacin Amurka. Lokacin zafi tana can saman duwatsu inda ciyawa ke da ɗanye, tana ci tana tara kitse. Da kaka ta yi, ƙanƙara ta fara sauka, sai ta gangaro ƙasa-ƙasa.

Ba ko'ina take sauka ba. Tana neman gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ke bugawa, da tudun da iska ke share wa ƙanƙara, da filin da wani ɗan itace ɗan'uwan tazargade ke tsirowa, saboda shi kansa yana leƙowa sama da ƙanƙara ko ta yi zurfi. Irin wannan wuri bai da yawa. Garken da ya bazu a duwatsu masu faɗin gaske lokacin zafi, a ɗan yanki yake curewa daga Nuwamba zuwa Afrilu.

Ko a can ɗin ma ba ƙoshi take yi ba. Abincin hunturu rage asara kawai yake yi, kullum tana ramewa, tana cin kitsen da ta tara. Kuma a daidai lokacin matan suna ɗauke da ciki, don barbara a ƙarshen shekara ake yi, haihuwa kuma wajen watan Yuni. Saboda haka duk abin da zai sa ta zabura ta yi gudu cikin ƙanƙara, ko ƙarar babbar mota ce, ko kare, ko mutum mai yawo, kitse ne yake ƙona mata wanda ba za ta iya mayarwa ba sai bayan watanni. Dalilin da ya sa ke nan a yammacin jihar aka hana mutane shiga filayen gwamnati tsintar ƙahon da bareyi ke zubarwa, daga 1 ga Janairu zuwa ƙarshen Afrilu. Mai tsintar ƙaho bai harbi komai ba, amma yana iya yin sanadin mutuwar dabba da ƙafarsa kawai.

"A zuba musu abinci mana"

Wannan ita ce maganar Baba, kuma ita ce maganar mutanen Wyoming da yawa a wancan hunturun. Har taro aka yi a garin Pinedale da gwamna Mark Gordon, mutane na ta matsa wa hukumar kula da namun daji ta ciyar da dabbobin. Hukumar ba ta yi ba.

Dalili na farko yana cikin tumbi. Barewa mai tuƙa ce, ƙananan halittun da ke cikin tumbinta ne ke narkar da abin da ta ci, kuma suna sabawa da irin abincin da ta daɗe tana ci. Wadda ta yi watanni tana gaigayar ganyen itace, in ka tara mata ingirici za ta ci, amma cikinta ba zai iya sarrafa shi da wuri ba. An sha samun bareyi matattu da tumbi cike da ciyawa. In kuwa masara ce, abin ya fi muni, don tsami take yi a ciki ta kashe dabbar. Duk mai akuya ya san abin da ke faruwa ranar da ta fasa buhun hatsi ta ci ta ƙoshi.

Gaskiya ne akwai abinci na musamman da ake haɗawa wanda cikin barewa ke karɓa, kuma jihar Utah mai maƙwabtaka ta yi amfani da shi a wasu yankunanta a farkon 2023. Amma yana ceton waɗanda ke kusa da titi ne, inda mota za ta iya kaiwa. Dubban da ke can cikin kwazazzabai ba su san ana yi ba.

Dalili na biyu cuta ce. Akwai wata cutar ƙwaƙwalwa mai ramar da bareyi har su mutu, wadda aka fara lura da ita a jihar Colorado a 1967. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi, tana yaɗuwa ta yawu da fitsari da kashi, kuma tana daɗewa cikin ƙasa. Tara ɗaruruwan dabbobi su sa baki a kwami ɗaya gayyatar ta ne. Wyoming ta san wannan ciwon kai sarai, don ta gaji wuraren ciyar da wani babban nau'in barewa tun farkon ƙarnin da ya wuce, yanzu kuma rufe su ya zama rigima, barin su ma ya zama rigima.

"Ai dabbar daji ce, za ta sake wuri"

Da ma haka ne, da an huta. An gwada, a wani tudu kusa da Pinedale inda dubban bareyi ke cin hunturu. Ƙarƙashin tudun akwai iskar gas mai yawan gaske, kuma daga wajen shekarar 2000 aka shiga haƙa ba kama hannun yaro. Wani masani mai suna Hall Sawyer da abokan aikinsa suka bi garken har shekara 17, tun kafin a fara haƙa sosai, suka fitar da sakamako a 2017.

Bareyin ba su saba da rijiyoyin ba. Bayan shekaru suna nan suna nisantar su da kusan kilomita ɗaya fiye da yadda suke zama a wurin a da. Ka lissafa da'irar kilomita ɗaya a kewayen kowane dandalin haƙa, za ka ga filin da aka rasa ya ninka wanda aka share da katafila sau da yawa. Yawan garken ya ragu da kashi 36 cikin 100, duk da cewa an rage farautarsu da kashi 45 cikin 100, kuma duk da kamfanonin sun yi ƙoƙarin rage ɓarna, sun shimfiɗa bututu don rage zirga-zirgar tankoki, sun haƙa rijiyoyi da yawa daga dandali ɗaya.

Abin da ke sa ba su sake wuri shi ne, hanyar gado ce. Ɗan barewa bin uwarsa yake yi a shekararsa ta farko, ya haddace hanya, ya riƙa binta har ya mutu, sau da yawa sawu a kan sawu. Wani bincike da jami'ar Wyoming ta fitar a 2018 ya duba ragunan dutse da wasu manyan dabbobi da aka kwaso daga wani wuri aka sake su a sabuwar ƙasa. Yawancinsu ba su yi ƙaura ba sam, ko da abinci na can saman dutse yana jiransu. Sai bayan gomman shekaru jikokinsu suka fara gano hanya. Wato ilimin tafiyar a cikin kawunan uwaye yake. In garken da ya san hanya ya ƙare, ba dabbobi kawai aka rasa ba.

Abin da taswirar ta tono

A farkon 2011 Sawyer ɗin nan ya ɗaura wa wasu bareyi abin wuya mai GPS a wata hamada da ke kudancin jihar, wadda ake kira Red Desert. Kowa ya ɗauka mazauna wurin ne, ba sa zuwa ko'ina. Da ƙanƙara ta narke sai aka neme su aka rasa. Ashe tafiyar kilomita 240 suke yi zuwa arewa, har kwarin Hoback, su kuma dawo da kaka. A hanya suna haɗuwa da wasu 4,000 zuwa 5,000, suna tsallake manyan tituna da shinge sama da 100. Daga baya aka samu wata mace, mai lamba 255, da ta zarce har cikin jihar Idaho, kusan kilomita 390.

Ka duba fa, wannan a ƙasar da ke da tauraron ɗan'adam da jami'o'i da hukumomi birjik. Dubban dabbobi suna wucewa ta bayan gidajen mutane sau biyu a shekara, amma ba wanda ya san daga ina suke, ina suka dosa. Abin da ba ka san yana nan ba, yaya za ka kare shi?

Da aka zana hanyar sai wuraren haɗari suka fito fili. Mafi tsanani yana bakin tafkin Fremont, inda garken gaba ɗaya ke matsewa ya bi ta wani ɗan mashigi da bai wuce mita 400 ba, tafki a gefe guda, garin Pinedale a ɗaya gefen. Kuma filin da ke wurin na wani ne, an sa shi kasuwa, ana iya yanka shi fuloti-fuloti. A 2015 wata ƙungiya mai suna The Conservation Fund ta saye shi, eka 364, aka miƙa wa hukumar namun daji, aka gyara shingen da ke wurin. Eka 364 ba wani abu ba ne a jiha mai faɗin Wyoming. Amma ba don taswira ba, da kuɗin nan an kai su wani wuri mai kyan gani wanda barewa ba ta damu da shi ba.

Haka maganar tituna. A kwarin Nugget, kan titi mai lamba 30, motoci sun daɗe suna take bareyi duk shekara. Da aka gano daidai inda suke tsallakawa, aka gina musu hanyoyi 7 ta ƙarƙashin titi, aka ja dogon shinge mai kai su bakin hanyoyin, sai haɗurran suka ragu da kusan kashi 80 cikin 100. A 2012 aka yi irin wannan kusa da Pinedale, gadojin sama 2 da hanyoyin ƙasa 6. Wannan ba barewa kaɗai ya amfana ba, har direban da zai yi karo da dabba cikin dare a kan titi mai santsi.

Shingen ma gyaransa ba wuya: a sauke wayar sama kada ta wuce kimanin mita ɗaya don babba ta iya tsallakewa, a ɗaga ta ƙasa a sa mara ƙaya don ƙanana su kutsa. Amma shingen jihar dubban kilomita ne. Taswira ce ke cewa fara da wannan.

Wani abu kuma da na'urar ta nuna, wanda ni ya fi ba ni sha'awa: bareyin ba gudu suke yi daga wannan wuri zuwa wancan ba. Kusan kashi 95 cikin 100 na lokacin tafiyar a zango suke yin sa, suna tsayawa kwanaki suna kiwo, suna bin sabon tsiro yayin da yake hawa dutse sannu a hankali. Hanyar ita kanta makiyaya ce. Wanda ya ce zai bar musu siririn layi su wuce ya gina gefe da gefe, bai fahimci abin ba.

"To ga taswira, amma ai sun mutu"

Wannan suka tana da nauyi. Garken duwatsun da ake kira Wyoming Range, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi bincike a kansu a duniya, ya faɗo daga kimanin 30,000 zuwa kimanin 11,000 bayan wancan hunturun. 'Ya'yan da aka ɗaura wa na'ura kusan duka suka mutu, uwaye ma fiye da rabi suka tafi. Ina amfanin baɗi ba rai?

Amsata ita ce, ba a taɓa cewa taswira na hana ƙanƙara sauka ba. Mugun hunturu ya sha zuwa tun kafin a haifi kakannin masu binciken, garke ya faɗi ya kuma tashi. Abin da ke yanke hukunci shi ne halin da waɗanda suka tsira za su tarar. In mazaunin yana nan, hanyar na buɗe, saura kaɗan ɗin za su samu abinci isasshe, su yi ƙiba, su haifi tagwaye, cikin 'yan shekaru a ga canji. In kuwa an yanka wurin an yi gidaje da tituna, faɗuwar ta zama ta dindindin. Hunturu yana ɗauka ya mayar, fuloti ba ya mayarwa.

Masu bin wannan garke, ƙarƙashin Kevin Monteith na jami'ar Wyoming, sun daɗe suna auna kitsen matan da kaka da kuma ƙarshen hunturu, kuma abin da suke gani shi ne wadda ta shigo da kitse ita ta fi tsira. Wannan gargaɗi ne ga masu zana da'ira a kan wurin hunturu kaɗai su ce sun gama. Kitsen a saman dutse da kan hanya ake tara shi. Dole taswirar ta haɗa ukun.

Inda masu suka suke da gaskiya

A nan ne nake rabuwa da masu yabon Amurka ido rufe. Tudun Pinedale da na ambata ba ɓoyayyen wuri ba ne. An san shi, yana cikin taswirar hukuma a matsayin muhimmin mazaunin hunturu, kuma akwai ƙa'idar da ta hana aikin haƙa a irin waɗannan wurare daga 15 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu. Me ya faru? Aka riƙa ba kamfanoni izini na musamman, har a 2008 hukumar kula da filayen tarayya ta amince a riƙa haƙa duk shekara a tsakiyar wurin, tare da ƙarin rijiyoyi sama da 4,000. Taswira na nan a bango, injin na ruri a waje.

A Fabrairun 2018 sakataren harkokin cikin gida na lokacin, Ryan Zinke, ya sa hannu a umarni mai lamba 3362 na inganta mazaunin hunturu da hanyoyin ƙaurar manyan namun daji a jihohin yamma. Ya kawo kuɗin bincike, ba a musu. Amma a cikin shekarar nan ɗin aka sa wasu filaye da ke kan hanyar Red Desert zuwa Hoback a gwanjon haƙar mai da gas. A Fabrairun 2020 gwamna Gordon ya fitar da nasa umarnin, ya ayyana hanyoyin bareyi 3 a hukumance: Sublette da Baggs da Platte Valley. Mataki ne mai kyau, sai dai umarnin bai shafi filin mutum na kansa ba, kuma abin da gwamna ya rubuta da alƙalami wani gwamnan na iya gogewa da alƙalami.

Mu wannan ba baƙon labari ba ne a wajenmu. Tun 1965 aka yi dokar makiyaya a Jihar Arewa, aka ware wurare sama da 400, amma waɗanda aka tabbatar a hukumance ba su kai rabi ba. Burtalin da kowane tsoho a ƙauye zai iya nuna maka da sanda, yau gona ce ko gidan mai. Ba rashin sanin hanya ne ya cinye shi ba. Wanda ke da ikon raba fili ne ba abin da ya ɗaure masa hannu.

Sai maganar masu gandun shanu, waɗanda yawancin filayen kwari, masu ruwa da sauƙin ƙanƙara, a hannunsu suke. Tsoronsu shi ne ranar da aka ja layi a kan filinsu darajarsa ta faɗi, ko a fara gaya musu abin da za su yi da gadon iyayensu. Ban ga laifinsu ba. Mutumin da bareyi ke cin ciyawar shanunsa duk hunturu, suna tsinka masa waya, shi ke ɗauke da nauyin dukiyar da ake cewa ta kowa ce. Kuma in an duba da kyau, gandunsa ne ya hana wurin zama unguwa. Ranar da kiwo ya daina biyansa ya sayar wa mai gina gidaje, barewa ce za ta fara ji a jikinta. Saboda haka biyansa ya fi yi masa barazana. Akwai tsarin da ake ba mai fili kuɗi ya sa hannu cewa ba za a taɓa yanka filin a gina ba, ya ci gaba da kiwonsa, kuma a 2022 ma'aikatar gona ta tarayya ta ƙulla yarjejeniya da Wyoming don faɗaɗa irin wannan a kan hanyoyin ƙaura. Wannan shi ne ɓangaren da nake ganin ya fi cancantar a zuba masa kuɗi.

In an ce kuɗin daga ina, wani kaso mai tsoka daga aljihun mafarauta yake fitowa. Suna sayen lasisi, kuma tun 1937 akwai dokar da ta sa harajin da ake karɓa kan bindigogi da harsasai, wanda yau ya kai kashi 11 cikin 100 kan bindigar farauta, yake komawa ga hukumomin namun daji na jihohi. Shi ya sa a wannan batu za ka ga maharbi da masanin jami'a a layi ɗaya, abin da ba kasafai ake gani a siyasar Amurka ba.

Gas ɗin fa? Wyoming jiha ce da mutanenta ba su kai 600,000 ba, kuma makarantunta da ma'adinai suke rayuwa, don haka ba mai cewa a rufe rijiyoyi. Amma injin haƙa na yau yana iya tsayawa a nan ya karkata ya ɗebo gas daga nesa ta ƙarƙashin ƙasa, barewa kuwa ba ta iya ɗauke gangarenta ta kai wani wuri. Wanda ke da zaɓi shi ya kamata ya matsa. Abin da nake so in gani shi ne majalisar jihar ta mayar da umarnin 2020 doka, kuma ranakun nan na 15 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu su daina zama abin da wani jami'i a ofishin yanki zai iya ɗagewa don kamfani ya rubuto takarda.